Bokiti ko Tiyo: Wanne Ya Fi Raga wa Bishiyar Mapul?

Wanda duk ya mallaki bishiyoyin mapul, waɗanda ake huda gindinsu a ɗebi ruwa a dafa ya zama maɗi, a Kebek ko Ontariyo na Kanada, ko Vermont da arewacin jihar New York na Amurka, ko guda biyar ne a bayan gida ko ɗan daji ne ya saya, da zarar Fabrairu ya raba tsakiya zai fara jin hannunsa na ƙaiƙayi. Maƙwabta sun fito da bokitai, wasu sun ja shuɗin tiyo daga wannan gindi zuwa wancan, tururi na tashi daga bukkokin dafa maɗi. Cikin 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai waɗannan wurare, wanda ya samu gida mai fili ba abin mamaki ba ne ya tarar da mapul a ciki, ya kuma so ya ɗana. Sai dai bishiyar nan takan yi shekara kusan 40 kafin ta isa a huda ta, kuma tana iya kaiwa shekara 300 in an bar ta lafiya. Kafin ka ɗora mata injin huda, ya kamata ka san wace hanya ce za ta ba ka maɗi bana, ta kuma bar bishiyar ta yi toho yadda ta saba a watan Mayu.

Hanya ta farko ita ce tsohuwa: a huda gindi, a kafa ɗan bututu, a rataya bokiti mai murfi, ruwa ya riƙa ɗiga da kansa. Ta biyu ita ce ta manyan masu sana'ar a yau. Kowane rami ana haɗa shi da tiyon roba, ƙananan tiyo su zuba cikin manya, manyan su gangara zuwa tanki, inda inji ke zuƙe iskar da ke cikin tiyon domin ruwa ya fito da ƙarfi. Tiyo ya fara shigowa ne a ƙarshen shekarun 1950, injin zuƙa ya biyo baya, yanzu kuwa mafi yawan maɗin Kebek, wanda ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na duk duniya, ta tiyo yake bi. Akwai ta uku a tsakaninsu, siririn tiyo mai faɗin 3/16 na inci, wanda ba ya neman inji sai gangare. Zan dawo kanta.

Idan maɗi kaɗai ake dubawa, babu ma gasa. Ramin bokiti a shekara mai kyau yakan ba da ruwa kamar lita 40, kuma tunda sukarin da ke cikin ruwan bai cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, in an dafa lita 40 ɗin nan ta ƙafe sai ta koma wajen lita 1 ta maɗi. Ramin da ke kan inji mai ƙarfi yakan ninka haka, wani lokaci ya zarce. Masu bincike a cibiyar Proctor ta Jami'ar Vermont sun auna cewa duk inci ɗaya da aka ƙara a ma'aunin zuƙa yana ƙara ruwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100, manyan gonaki kuwa a inci 25 ko sama da haka suke riƙe injinsu.

Dalilin tazarar yana cikin halin bishiyar. Mapul ba ya sakin ruwa sai dare ya daskare rana ta narke. Idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ƙanƙara na taruwa a cikin ƙananan ɗakunan iska da ke cikin itacen, bishiya ta tsotso ruwa daga saiwa. Rana ta ɗumama zuwa digiri 5 ko makamancin haka, ƙanƙarar ta narke, matsi ya taru a cikin gindi, ruwa ya nemi mafita. Bokiti wannan matsin kawai yake jira. Da matsin ciki ya daidaita da na iskar waje ɗigo ya tsaya, sai kuma wani daren sanyi. Inji yana rage matsin da ke bakin rami ne, saboda haka ruwa na ci gaba da fita ko an yi kwana biyu ko uku babu daskarewa.

Daga nan tsoron mutane ke farawa. Ga ido lissafin a fili yake: ruwan nan abincin toho ne, inji na kwashe ninki biyu, to bishiyar inji ita ce za ta makara wajen ganye, ko ta fito da shi a tsamure. Duk wanda ya fara ganin dajin da aka ɗaure da tiyo sai ya ji tausayin bishiyoyin. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ganyen da mapul mai sukari, irin da aka fi hudawa, ke buɗewa a watan Mayu tun bara aka ƙera shi. A tsakiyar lokacin zafi na can zuwa ƙarshensa bishiyar ke naɗe ƙananan ganyaye a cikin idanun reshe, ta rufe su da ɓawo mai tsini, su kwana a haka duk hunturu. Yawan ganyen bana, ashe, an riga an ƙayyade mafi yawansa wata bakwai ko takwas kafin a huda rami. Abincin da zai buɗe su kuwa sitaci ne da bishiyar ta tara a saiwa da gindi da rassa, daga hasken ranar da ganyen bara suka kama. Ramin bokiti mai lita 40 a kan kashi 2 yana ɗauke sukari wajen giram 800. Na inji ya ɗauki kilo ɗaya da rabi ko biyu. Ga babbar bishiya mai faɗin kai wadda rana ke dukanta, wannan ɗan kaso ne na ajiyarta, kuma cikin watannin ganye za ta mayar. Lokacin da ido zai fashe ma ba rami ke sa shi ba: yawan sanyin da ya sha a hunturu, ɗumin Afrilu da tsawon yini su ke kiransa. Shi ya sa bishiyar da aka huda da maƙwabciyarta da ba a taɓa ba, in dai irinsu ɗaya kuma lafiyarsu ɗaya, tare za ka ga sun yi kore.

Ba zato ba ne wannan. A 1988, lokacin da hankali ya tashi kan lalacewar dazuzzukan mapul, Amurka da Kanada sun kafa shirin haɗin gwiwa na bin diddigin bishiyoyin shekara bayan shekara, a dazuzzukan da ake ɗibar ruwa da waɗanda ba a ɗiba. Ba su ga wani bambanci na a zo a gani a lafiyar kan bishiyoyin ba. A Proctor kuma an gwada zuƙa mai ƙarfi da mai sauƙi, aka sare bishiyoyin aka duba ciki, aka tarar ƙarfin zuƙa bai ƙara girman ɓarnar da ke cikin itace ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne ƙananan bishiyoyi da waɗanda ke ƙarƙashin inuwar manya ko kan ƙasa maras ƙarfi. Ajiyarsu kaɗan ce, kilo biyun nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, kuma binciken zobban itace a wasu wurare ya nuna bishiyoyin da ake huda suna rage saurin kauri. Riƙe wannan, domin shi ne babban sharaɗin da ke kan mai inji.

To me ke cutar da bishiyar in ba ruwan ba? Ramin. Abin kamar ƙaho ne a hannun wanzami: jinin da aka ja jiki na mayarwa, tabon tsagar shi ke zama. Bishiya ba ta warkar da rauni yadda fatar mutum ke yi. Killace shi take yi. Tana toshe hanyoyin ruwa da ke kewaye da ramin da wasu sinadarai domin iska da ƙwayoyin ruɓa kada su bazu, wurin ya yi duhu, ya daina ɗaukar ruwa har abada. Alex Shigo na hukumar gandun dajin Amurka shi ya fayyace wannan tsari a shekarun 1970, bayan ya tsaga dubban itatuwa. A mapul, tabon ba ya faɗi sosai ta gefe, amma yana miƙewa sama da ƙasa, sau da yawa santimita 30 ko fiye ta kowane ɓangare, har girmansa ya ninka na ramin sau gommai. Daga waje za ka ga ɓawo ya rufe, ka ɗauka magana ta ƙare, alhali a ciki mataccen ginshiƙi na nan tsaye.

Abin da ke ceton bishiyar shi ne sabon itacen da take ɗorawa a kai kowace shekara. Yi lissafin da kanka. Rami yana da zurfin santimita 4 zuwa 5. Bishiyar daji mai matsakaicin girma tana ƙara milimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe a shekara. A kan milimita ɗaya da rabi, sai an shekara 30 kafin sabon itace ya binne tsohon tabo har a iya huda wurin ba tare da an taɓo shi ba. Wato kowace shekara kana cire wani yanki na itace mai rai, bishiya tana ƙara wani. Muddin abin da take ƙarawa ya fi abin da kake kashewa, kuna iya tafiya tare har jikokinka. In naka ya fi nata, sannu a hankali gindin zai cika da tabo, ruwa ya ragu, tabo ya haɗu da tabo, ruɓa ta samu ƙofa. A lokacin ne ganye zai fara nunawa, shekaru bayan an yi ɓarnar.

Idan an auna hanyoyin biyu da wannan ma'auni, sakamakon yakan ba mutane mamaki. Tsohon bututun bokiti na ƙarfe faɗinsa 7/16 na inci ne, kamar milimita 11. Wanda masu tiyo suka koma kansa tun ƙarshen shekarun 1990 shi ne 5/16, kamar milimita 8. Bambancin milimita 3 bai yi kama da komai ba, amma bakin ƙaramin rami rabin na babban ne, tabonsa ya fi ƙanƙanta, kuma bishiya mai lafiya kan rufe shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, babban kuwa sai biyu zuwa uku. Sannan ga yawan ramuka. Tsohuwar ƙa'ida ta yarda a rataya bokiti uku har huɗu a kan babbar bishiya, kuma hotunan da ake sakawa a kalanda har yau haka suke nunawa. Mai bokiti yana ƙara ramuka ne domin ta nan kaɗai zai ƙara ruwa. Mai inji ba ya buƙatar haka, domin rami ɗaya na jawo ruwa daga yanki mai faɗi na gindin, rami na biyu ma ba ya ninka abin da ake samu. Bishiyar da aka yi wa rami ɗaya na milimita 8 aka haɗa da inji ta fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan wadda aka yi wa uku na milimita 11 aka rataya bokitai, ko da ruwan da aka ɗiba ɗaya ne.

Wannan ba laifin bokiti ba ne, laifin al'adar da ta taso da shi ne. Yanzu ana sayar da bututu na 5/16 mai ƙugiyar rataya bokiti ko jakar leda, kuma ruwan da yake bayarwa bai gaza na babban da yawa ba. Wanda ya gaji akwatin tsofaffin bututai daga mai gidan da ya saya, ya ajiye su don ado. Ƙa'idar da masu taka-tsantsan ke bi a yau: kada a huda bishiyar da kaurinta bai kai santimita 25 zuwa 30 ba a daidai ƙirjin mutum, wato kewayen gindi santimita 80 zuwa 95 in ka zagaya da tef; rami na biyu sai kauri ya wuce santimita 45, kewaye wajen 140; na uku kuwa a manta da shi.

Akwai wata jarabawar da ke kama mai bokiti. Raminsa a buɗe yake ga iska, ƙwayoyin bakteriya da yis na shiga, bishiya ta fara toshewa, bayan mako huɗu zuwa shida ɗigo ya ƙafe ko da yanayi bai ƙare ba. In ya yi gaggawar huda a farkon Fabrairu saboda kwana uku na ɗumi, to raminsa zai mutu kafin babban ruwan Maris ya zo, sai zuciya ta raya masa ya sake sabo. Rami biyu ke nan a shekara ɗaya, tabo biyu. Magabata sun taɓa neman dabara da wata ƙwaya ta sinadarin farafomaldihaid da ake cusawa a rami domin ya daɗe yana zuba. Ya daɗe ɗin kuwa, amma ƙwayar ta hana bishiya killace rauninta, ruɓa ta yi ta cin gindi, har Amurka da Kanada suka haramta ta wajen farkon shekarun 1990. Maganin mai bokiti haƙuri ne: ya jira sai hasashen yanayi ya nuna jerin kwanaki na daskarewa da narkewa. Ramin tiyo a rufe yake, in an sa sabon bututu kowace shekara yana iya kaiwa wata biyu ko uku, shi ya sa masu dubban ramuka ke fara huda tun Janairu.

Sai maganar ƙasa, wadda ba a cika yi ba. Saiwoyin mapul masu sha a sama-sama suke, cikin 'yan santimitan farko na ƙasa. Lokacin ɗibar ruwa shi ne lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa, daji ya zama taɓo. Mai bokiti ɗari uku dole ya shiga da tarakta ko babur mai ƙafa huɗu yana jan tanki kusan kullum, taya na yanka saiwa tana danne ƙasa. Duba bishiyoyin da ke bakin irin waɗannan hanyoyi a tsofaffin gonaki, su ne kan fara bushewa daga sama. Tiyo ya kawar da wannan gaba ɗaya, ƙafar mai duba yoyo kawai ke shiga. Amma mai bokiti ashirin da ke ɗauka da hannu a kan dusar ƙanƙara, shi wannan zargi bai shafe shi ba.

Kada a ɗauka tiyo waliyyi ne. Cutarwarsa ta kwaɗayi ce. Da zarar layin tiyo ya ratsa daji, kowace bishiyar da ke kusa da shi tana kiran mai gona, har da 'yar santimita 18 da ba wanda zai wahalar da kansa ya rataya mata bokiti. Kuɗin inji da tanki da wutar lantarki na neman a mayar da su, sai a haɗa ta. Ita ce kuwa wadda zuƙa ta fi yi wa nauyi, kuma kewayenta bai isa a riƙa canza wurin rami ba. Wayar da ke riƙe babban tiyo, in an naɗa ta a gindi babu katako ko roba a tsakani, tana nutsewa cikin ɓawo ta shaƙe bishiyar. Gajeren tiyon da ke sauka daga bututu zuwa layi, in bai kai santimita 75 zuwa 90 ba, yana tilasta a riƙa huda gefe ɗaya kowace shekara, tabo kan tabo. Huda a Janairu cikin itace daskararre, in mai guduma ya cika hannu, ɓawo na tsagewa sama da ƙasa, tsagar da ta fi ramin kansa muni. Ga kuma sha'awar sare duk bishiyar da ba mapul ba don layi ya miƙe, alhali dajin da ya zama iri ɗaya shi tsutsa ta fi yi wa kaca-kaca. A Vermont shawarar da ake bayarwa ita ce a bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wasu irin itatuwa. Kurege kuma, wanda ba ruwansa da lissafinka, yana tauna tiyo, kuma ƙaramin yoyo ɗaya na zubar da zuƙar layi guda. Wanda ba zai iya zagaya layukansa a kai a kai ba, ya sayi inji ne ya samu ruwan bokiti.

Ƙarshen kakar ɗibar ruwa shi ne inda toho da maɗi ke karo kai tsaye. Da idanun reshe sun fara kumbura, sinadaran ruwan na canzawa, maɗin ya ɗauki wani ɗanɗano maras daɗi da ba ya ɓoyuwa, masu saye su mayar da shi sahun na masana'antu. Ba duk irin mapul ke farkawa tare ba. Irin da ake kira mai azurfa shi ke fara fure, jan mapul ya biyo da jajayen furanninsa tun babu ganye, mai sukari shi ne na ƙarshe, furensa ruwan ɗorawa-kore tare da ganye yake fitowa. A nan bokiti ya yi zarra. Kana ganin ruwan kowace bishiya da idonka, ka shinshina, ka cire bokitan jan mapul ka bar sauran. A tiyo duk ruwa tanki ɗaya yake zuwa. Sai dai jan mapul da masu bokiti suka daɗe suna rainawa saboda rowar ruwa, a kan inji yana bayarwa sosai, kuma tsutsar da ke cinye ganyen mai sukari ba ta cin nasa. Ko wace hanya ka bi, da an gama a zare bututu da wuri, a hankali, kada a ɓamɓaro ɓawo. Kuma kada a toshe ramin da tsinke ko ƙaro ko fenti. Bishiyar da kanta za ta rufe shi daga gefuna, toshiya danshi kawai take tarawa.

Idan Mayu ta zo ka ga ganye bai yi kyau ba, kafin ka zargi bututu ka tambayi abin da ya faru a yankin. A 2010 ɗumi ya zo da wuri a arewa maso gabashin Amurka, mapul mai sukari ya buɗe ganye, sai sanyi ya dawo a mako na biyu na Mayu ya ƙone su a kan tuddai, wanda aka huda da wanda ba a huda ba. A 1988 wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke shiga cikin idon reshe yana tsotsa kafin ya buɗe ya lalata ganyen dubban ɗaruruwan eka a Vermont, ganye suka fito ƙanana a yamutse. Tsutsar da ke cin ganye a Mayu da Yuni ta yi ɓarna a jihar daga 2004 zuwa 2006, ta sake dawowa a 2016. Ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 ya karya rassa daga gabashin Ontariyo zuwa kudancin Kebek har Maine. Ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai ciwon ƙasa: shekaru na ruwan sama mai asid sun wanke kalsiyam, wanda mapul mai sukari ke buƙata fiye da yawancin maƙwabtansa. A dajin bincike na Hubbard Brook da ke New Hampshire an zuba sinadarin kalsiyam a wani kwari a 1999, kan bishiyoyin ya cika, ƙananan tsiro suka ƙaru. Mai gonar da ƙasarsa ta yi tsami zai fi amfana da gwajin ƙasa da zuba farar ƙasa a kan duk wata muhawarar bokiti da tiyo.

Muhimmancin waɗannan ga mai huda shi ne abin da ke biyo baya. Bishiyar da ta rasa ganye a Mayu ko Yuni za ta sake wani daga ajiyarta, ta shiga hunturu da rumbu rabi. Shekarar da ta biyo ita ce ta sassauci: mai rami biyu ya koma ɗaya, mai rauni a bar ta ta huta. Wannan shi ne wurin da sukarin da ake ɗiba ke da nauyi da gaske, kuma a nan mai bokiti ya fi sauƙin yin abin da ya dace, domin ba shi da bashin inji a wuya.

Bishiya tana ba da shaida uku, kuma babu wadda ke buƙatar na'ura. Ta farko garin itacen da ke fitowa lokacin huda. Fari ko ruwan madara, ka faɗa itace mai rai. Ruwan ƙasa, ka faɗa tsohon tabo, ramin nan ba zai ba da abin kirki ba. In fiye da ɗaya cikin goma na ramukanka na fitar da gari mai duhu, kana cin bishiyoyinka fiye da yadda suke girma. Domin kauce wa haka, sabon rami ya matsa 'yan santimita ta gefe kuma kamar santimita 30 sama ko ƙasa da na bara, a riƙa zagaya gindi duka. Camfin cewa sai gefen kudu, ko sai saman babbar saiwa, shi ya tara tabo a gefe ɗaya na tsofaffin bishiyoyi da yawa; in an haɗa kakar gaba ɗaya, gefen arewa ma na bayarwa, ya dai fi makara. Ta biyu tsofaffin ramuka: na milimita 8 da ya shekara uku a buɗe yana gaya maka bishiyar ba ta girma. Ta uku kan bishiyar, kuma ba Mayu ce lokacin duba shi ba, domin wata bishiyar halinta ne ta makara da mako guda. Tsaya ƙarƙashinta a Yuli ka ɗaga kai. Busassun tsinkayen rassa a can ƙololuwa, ganye ƙanana, sararin sama na leƙowa ta ko'ina, ko reshen da ya yi ja tun Agusta, duk alamun a ɗaga mata ƙafa ne.

Ga wanda ke da bishiya biyar zuwa hamsin a fili mai shimfiɗa, shawarata bokiti ko jaka, da bututu na 5/16, rami ɗaya kowace bishiya. Lita 1 a kowane rami ta ishi gida har da kyauta, kuma dafa ruwan ma aiki ne, domin sai ya kai wajen digiri 104, sukari kashi 66 cikin 100, kuma tururin lita arba'in-arba'in ba na ɗakin girki ba ne. Wanda Allah ya ba gangare, siririn tiyo na 3/16 ya fi masa. Tim Wilmot na Proctor ne ya yaɗa dabarar: ruwa na cika tiyon, nauyinsa yayin gangarowa na jawo zuƙa da kansa, in saukar ta kai mita 9 zuwa 10 bishiyoyin sama na samun zuƙa kusa da ta inji ba tare da lantarki ba. Aibinsa toshewa, domin mahaɗansa ƙanana ne, daga shekara ta biyu ruwa na raguwa in ba a wanke ko an canza su ba. A tuna kuma zuƙa zuƙa ce, sharaɗin kauri na nan a kansa. Mai ɗaruruwa ko dubban bishiyoyi da ke son sana'a, inji ne hanyarsa, kuma dajinsa zai fi lafiya da shi a kan tarakta da bokitai, muddin zai iya wuce ƙaramar bishiya da layi bai haɗa ta ba.

Bishiyar cikin gari kuwa lissafinta daban. Wadda ke bakin titi tana shan gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara, saiwarta na ƙarƙashin kwalta, kuma sau da yawa ta hukumar birni ce ko da a ƙofar gidanka take, huda ta ba izini laifi ne. Da yawa daga cikinsu ma mapul ɗin Nowe ne da aka shigo da shi daga Turai. Ka tsinke ganyensa a lokacin zafi, farin ruwa kamar madara zai fito daga tsinken. Wadda ke tsakiyar fili a bayan gida, mai kai kamar laima, rana na dukanta ta ko'ina, ita ce ta fi kowace zaƙi da saurin rufe rami, wani lokaci sukarinta ya haura kashi 3. Ita za ka fara da ita, bayan ka zagaya gindinta da tef ka ga ya wuce santimita 95.